Wai su wa ke zaɓar deliget ɗin da ke fidda mana ɗan takarar shugaban ƙasa?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana siyasa ku taimaka min da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni dai ina da katin jam'iyya tun 2014, duk zaɓe ina akwatinmu tun safe har a gama ƙirga, amma wallahi ban taɓa sanin ranar da aka zaɓi deliget na ƙaramar hukumarmu ba, sai dai kawai ka ji an ce su wane sun tafi Abuja. Jiya muna musu a majalisa kan fidda gwanin 2022 sai wani ya ce wai duka waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a na PDP ba su kai mutum dubu ba, na APC kuma dubu biyu da 'yan kai. Gaskiya ne? In gaskiya ne ya aka yi haka, kuma me ya hana a yi 'yar tinƙe kowa ya fito ya bi bayan wanda yake so?

Malam Na-Tudu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Gaskiya ya faɗa maka. PDP deliget ɗaya ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, ka san 774 ne, APC kuma uku-uku, lissafa ka gani 2,322 ke nan. A na PDP ranar 28 ga Mayu Atiku ya samu 371, Wike 237, Saraki 70. A na APC a filin Eagle Square na Abuja Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152.

Da ba haka ake ba fa. A fidda gwanin APC na Disamba 2014 a Legas Buhari kaɗai ƙuri'a 3,430 ya samu, Kwankwaso 974, Atiku 954, saboda lokacin akwai deliget na dindindin, wato waɗanda muƙaminsu ne ya ba su ƙuri'a, shugaban ƙasa da gwamnoni na yanzu da na da, sanatoci, 'yan majalisa, shugabannin jam'iyya da sauransu. To dokar zaɓen da Buhari ya sa wa hannu 25 ga Fabrairun 2022 sai sashe na 84(8) ya ce deliget da aka zaɓa domin wannan aikin su kaɗai ne za su yi zaɓe. 'Yan majalisa da hannunsu suka rubuta abin da ya fitar da su daga fili, sai a watan Mayu suka farga suka yi gyara cikin gaggawa, shi kuma Buhari bai sa hannu ba har aka gama. Shi kansa a matsayinsa na shugaban ƙasa bai da ƙuri'a a taron jam'iyyarsa.

Batun 'yar tinƙe kuma, ai da farko majalisa ta tilasta ta a cikin ƙudirin, don yawancinsu rigima suke da gwamnoninsu kuma sun san in aka bar wa deliget ba za su koma ba. Buhari ya mayar musu a Disamba 2021 ya ce tsada da matsalar tsaro da kuma tauye haƙƙin jam'iyyu, shi ne aka dawo da hanya uku, 'yar tinƙe ko deliget ko maslaha, jam'iyya ta zaɓi wadda ta ga dama. Kuma maslahar ma sharaɗi gare ta a dokar ta 2022, sai duk ɗan takarar da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye. Amsar tambayarka ta farko dai, a tsarin 2022, a takarda taron ƙaramar hukuma ke zaɓar deliget, a zahiri kuwa wanda ke riƙe da shugabannin jam'iyya na jiha shi ke da sunayen, kuma kusan ko'ina gwamna ne.

'Yar Zazzau:
Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni a ganina ba yawan deliget ne ya karya PDP ba, karɓa-karɓa ce da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Yana cikin tsarin mulkin jam'iyyar fa, kuma an riga an ba Arewa shugabancin jam'iyya da Iyorchia Ayu, kowa ya ɗauka tikitin Kudu zai tafi, sai aka kafa kwamiti ƙarƙashin Ortom gwamnan Binuwai na lokacin, ƙarshe aka ce an bar ƙofa a buɗe kowa ya shiga. Kwankwaso dama ya fice tun Maris ya koma NNPP, Peter Obi shi ma ana saura kwana uku taro ya tattara ya fice, daga baya ya shiga Labour.

Sannan daren taron Tambuwal, gwamnan Sakkwato na lokacin, ya riga ya yi jawabinsa sai ya sake hawa mumbari ya ce ya janye wa Atiku, a nan Wike ya ga an gama da shi, bayan nan kuma Ayu ya je yana yabon Tambuwal a matsayin gwarzon taron, shugaban jam'iyya fa wanda ya kamata ya zama uban kowa. Aka zo ɗaukar mataimaki aka bar Wike aka ɗauki Okowa gwamnan Delta na lokacin. To ni ba masoyiyar Wike ba ce ko kaɗan, zagon ƙasan da suka yi wa Atiku su gwamnoni biyar, shi da Makinde da Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi bai min daɗi ba, amma abu ɗaya suka riƙe a kai, Ayu ya sauka a ba ɗan Kudu, aka ƙi. Ku duba sakamakon 2023, Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan ɗaya da rabi, waɗannan ukun na baya duk a inuwa ɗaya suke a 2019. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Baban Ummi:
Ɗana bari in gaya maka abin da idona ya gani, don na taɓa zama deliget sau ɗaya, ba zan faɗi jam'iyya ko shekara ba. Ba wanda ya zaɓe ni. Ina gida bayan isha'i ciyaman ɗinmu ya kira ya ce in kawo hoto biyu sunana ya fito. Aka kwashe mu a mota aka sauke mu a otal ɗaya, aka sa matasa a ƙofa ba shiga ba fita, mutanen wani ɗan takara sun zo gaishe mu aka hana su ko hawa bene. Da za a tafi fili aka rubuta mana suna a 'yar takarda aka ce wannan ne na mai gida. Akwai dattijo a cikinmu da bai iya rubutu ba, wani aka haɗa shi da shi ya rubuta masa. Na dawo gida da abin da aka ba ni amma wallahi na fi wata ban iya haɗa ido da mutanen mazaɓata ba, don na san wanda suke so kuma ba shi na rubuta ba.

Amma kar ka ɗauka 'yar tinƙe ce maganin, nan ne na saɓa da matasa. A 2018 APC ta yi wa Buhari ƙato bayan ƙato shi kaɗai ba abokin takara, aka ce ya samu sama da miliyan 14.8, Kano kaɗai aka sanar da miliyan 2.9, da aka zo babban zaɓe na 2019 da kowa da kowa ke fita abin da ya samu a Kano bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ina sauran suka shiga? In babu rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya da kowa zai iya dubawa, mai riƙe da biro da takardar sakamako shi ne zai rubuta abin da yake so, ko layi ya kai daga nan har Wudil. Ka tuna Zamfara ma, rigimar fidda gwani ce ta sa Kotun Ƙoli a Mayun 2019 ta soke ƙuri'un APC kaf, daga gwamna har 'yan majalisar jiha, kusan duka aka miƙa wa PDP.

Sarkin_Yaƙi_Potiskum:
Baba Allah ya saka da faɗin gaskiya. Ni abin da zan ƙara, kuna ta zagin gwamnoni amma a APC su ne suka hana ɗauki-ɗora. Ranar 6 ga Yunin 2022 shugaban jam'iyyar na lokacin Abdullahi Adamu ya shiga taron kwamitin gudanarwa ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha, 'yan kwamitin da kansu suka fito gaban 'yan jarida suka ce ba da su ba, gwamnonin Arewa kuma dama sun riga sun sa hannu cewa mulki ya koma Kudu, fadar shugaban ƙasa ma ta ce Buhari bai tsayar da kowa ba. Kuma ko ba haka ba ta ina maslaha za ta yiwu, mutum ya sayi fom naira miliyan 100 wasu har sun ajiye kujerar minista irin su Amaechi saboda sashe na 84(12) da ya hana masu naɗaɗɗen muƙami shiga fidda gwani, sannan ka ce ya rubuta ya janye? Waɗanda suka janye wa Tinubu a fili irin su Badaru da Fayemi da Amosun da Akpabio don kansu suka yi bayan sun ga inda iska ta kaɗa.

Abin da ya tsaya min a wuya na nan gida ne. Lawan ya faɗi a Eagle Square, Bashir Machina ya riga ya ci fidda gwanin sanatan Yobe ta Arewa, jam'iyya ta aika sunan Lawan, Machina ya yi nasara a babbar kotun tarayya da kotun ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli a Fabrairun 2023 ta ba Lawan da alƙalai uku kan biyu. Daga ranar mutane da yawa a nan suka daina ɗaukar fidda gwani da muhimmanci.

'Yar Zazzau:
Sarkin Yaƙi ai maganar Malam ka tabbatar, gwamnonin sun iya taka wa shugaban jam'iyya burki ne saboda deliget na aljihunsu. Ranar da son ransu ya karkata wani wajen wa zai taka musu?

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, yau na ƙaru sosai. Baba maganarka ta rajista ta tsaya min a rai, don ni kaina ban san ko sunana na cikin littafin mazaɓarmu ba duk da katin da ke hannuna, gobe in sha Allahu zan je wajen sakatarenmu in duba. Malam Na-Tudu saura abu ɗaya don Allah, in aka zo taron zaɓen shugabannin mazaɓa aka ce an yi maslaha alhali ba a kira mu ba, wa ake kai wa ƙorafi da farko, uwar jam'iyya ko INEC ko kotu, kuma cikin kwana nawa?