Ta yaya zan koma ɓangaren gashin ciwon daji daga ɗaukar hoto?

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan fanni.

Na kammala digirin radiyografi na shekara 5, na yi shekarar horon asibiti da bautar ƙasa, kuma ina da lasisin hukumar RRBN mai yi wa ma'aikatan radiyografi rajista a Najeriya. Yanzu aikina ɗaukar hoton X-ray da CT ne a wani asibitin jiha. Abin da raina ke so shi ne gashin masu ciwon daji, wato yi musu magani da radiyeshan, amma a makaranta mun fi karanta shi a takarda. Ban taɓa kwantar da majiyyaci a ƙarƙashin na'urar gashi ta linac ba, balle in daidaita shi daidai da alamomin da aka yi masa ranar tsara gashi. Kuskuren 'yan milimitoci a nan kan ƙona lafiyayyen nama, shi ya sa ba aikin da za a koya da ka ba ne.

Inda na maƙale: asibitinmu ya ce ba zai sake ni ba sai na kawo takardar gurbin karatu, ni kuma duk inda na tuntuɓa sai a ce in fara kawo takardar sakin.

To, cibiyoyin gashi irin na asibitocin koyarwa na ABUTH Shika da UDUTH Sakkwato ko Asibitin Ƙasa na Abuja suna karɓar mutum daga waje ya yi horo na watanni? RRBN tana amincewa da irin wannan horon, ko sai digiri na biyu? Tallafin horo na hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) kuma, ta wace hanya ake nemansa? Don Allah wanda ya bi hanyar ya yi min bayani. Na gode.