Neman shawara: maki 214 na samu a JAMB, ana ce mini in koma karatun Lafiyar Jama'a

'Yar Dukku:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Daga Dukku nake, jihar Gombe. Na zauna JAMB bana da niyyar karatun likita, sai na samu 214, kuma kowa ya ce wannan makin ba zai kai ni ba. Ina da kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, duk a zama ɗaya. Wani malaminmu ya ce in canza zuwa Public Health, wato Lafiyar Jama'a, wai duk harkar asibiti ce. Baba kuwa tambayarsa ɗaya: in na gama, zan duba marasa lafiya? Ni kuma ina son in san ko zan iya shiga wannan fannin, in na yi ƙoƙari a ajin farko a mayar da ni ɓangaren likita, sannan wane aiki ake samu da shi. Don Allah a taimaka mini kafin in taɓa komai a CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu.

Yayanku na Azare:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. A fara da tambayar Baba: a'a. Digirin Lafiyar Jama'a shi kaɗai ba ya ba ki izinin duba mara lafiya, rubuta magani ko buɗe kilinik. A ƙasar nan lasisi ne ke ba da wannan izinin, kuma kowane lasisi da hukumarsa: likita MDCN, nas da ungozoma NMCN, ma'aikacin gwajin jini MLSCN, su CHEW da CHO, wato ma'aikatan lafiyar al'umma, kuma CHPRBN. Duba-gari ma da tasu hukumar, EHCON.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne tsakanin wannan digirin da CHEW ɗin da ake yi shekara 3 a kwalejojin fasahar lafiya irin ta Kaltungo ko ta Ningi. Mai CHEW yana zama a asibitin matakin farko, ya auna mara lafiya, ya yi allura, ya ba da magani bisa littafin ƙa'idar da aka ba shi. Mai digirin Lafiyar Jama'a kuwa tambayarsa daban: me ya sa yara 30 suka kamu da amai da gudawa a unguwa ɗaya cikin mako ɗaya, wace rijiya suke sha, me za a rufe, wa za a sanar? Ɗaya majinyacinsa mutum, ɗaya majinyacinsa gari. Ki yi wa Baba bayani haka tun yanzu, kada a yi shekara 4 ana kiranki dakta a gida.

Batun canza sheƙa kuma, kada ki gina rayuwarki a kansa. MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin ɗaliban da za ta ɗauka, saboda haka gurbi ba ya cika saura, kuma kowace jami'a da dokarta. Ki nemi littafin dokokin ɗalibai na jami'ar ki karanta da idonki, kar ki tsaya ga "an ce".

Malam na Tudun Wada:
'Yata, in ƙara a kan abin da aka faɗa, ga abin da za ki tarar a ciki. Yawancin jami'o'i shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta UTME, wato jarrabawar JAMB, wasu 5. Ajin farko kimiyyar gama-gari ce: bayoloji, kemistiri, fiziks, lissafi. A nan ɗalibai da yawa ke kashe makinsu, don suna ganin maimaicin sakandare ne. Ki sani a ma'aunin maki 5, sai da 3.50 ake samun daraja ta biyu babba, 4.50 kuma daraja ta ɗaya, kuma makin da ya zube a ajin farko ɗaga shi sai an sha wuya.

Daga aji biyu za a kawo tsarin jikin ɗan Adam da yadda yake aiki, ƙwayoyin cuta, tsaftar muhalli, abinci mai gina jiki, lafiyar uwa da yara, wayar da kan jama'a, tsarin tafiyar da asibitoci. Amma ƙashin bayan karatun darussa biyu ne: ilimin bin diddigin cututtuka, da lissafin ƙididdiga. Wanda ya gudo nan don tsoron lissafi, to ya gudu bai tsira ba.

Ga ɗanɗano. Ana yi wa jariri allurar rigakafin da ake kira Penta sau uku, a mako 6, 10 da 14. A ce a wata mazaɓa yara 200 sun karɓi ta farko, 150 kaɗai suka dawo ta uku. Ki cire 150 daga 200, ki raba da 200, ki ninka da 100: kashi 25 sun ɓace a hanya. Duk abin da ya haura kashi 10 alama ce akwai matsala. Aikinki ba ya ƙarewa a lissafin. Sai kin gano dalili. Zazzaɓin bayan allura ne ya tsorata iyaye ba a yi musu bayani ba? Nisa ne? Damina ce ta yanke hanya? Ko firij ɗin ajiyar ne ya lalace aka daina zaman yin allurar, tunda yawancin rigakafin sai an riƙe shi tsakanin digiri 2 zuwa 8? Kowanne da maganinsa daban. In irin wannan binciken ya burge ki, fanninki ne. In kuma kin ji gundura tun a nan, ki saurari zuciyarki.

Maman 'yan biyu:
Ni dai shawarata, in burinki taɓa mara lafiya ne, ki duba aikin nas ko ungozoma, ko ki sake zama JAMB baɗi. Shekara ɗaya ba ta kai shekara 4 na karatun da ba kya so tsada ba. Kuma mai lasisin nas ko CHEW yana iya dawowa ya yi wannan digirin ta DE, wato shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu a inda ake karɓa, ya haɗa lasisi da digiri. Wajen ɗaukar aiki wannan haɗin yana da nauyi ƙwarai.

Anti ta Yelwa:
Gaskiya Maman 'yan biyu ta faɗa, amma kada a sa yarinya ta ɗauka fannin ba shi da aiki. Akwai, sai dai ba ya zuwa da takarda kaɗai.

Ƙanwata, ki dubi yankinmu. Bauchi ƙananan hukumomi 20, Gombe 11, kowacce tana da jami'in sa ido kan cututtuka, da jami'in rigakafi, da mai kula da alƙaluma. Sama da su akwai hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ma'aikatar lafiya, a tarayya kuma NPHCDA mai kula da lafiya matakin farko da NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. UNICEF na da ofishin shiyya a nan Bauchi, ga ƙungiyoyin da ke aikin tamowa, maleriya da rigakafi. Matsalolin kuwa ba ƙarewa suke ba: Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba tare da Ondo da Edo, sanƙarau da ƙyanda na zuwa lokacin zafi, kwalara da damina, ga saran kububuwa da ya sa aka san asibitin Kaltungo. Ko shan inna da aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'insa na daji a 2020, har yanzu ana sa ido a kansa gida-gida.

Sai dai ki sani, guraben gwamnati ba sa buɗewa kullum, kuma da yawa daga cikin waɗancan kujerun masu lasisi ne ke kansu. Aikin ƙungiyoyi kuwa kwantiragi ne, wata 6 ko shekara, in kuɗin shirin ya ƙare shi ke nan. Abin da ke raba masu samu da masu yawo da fayil shi ne abin da hannu ya iya. Kafin ki gama aji uku ki tabbatar kin iya waɗannan:

Excel sosai, ba buga suna kawai ba, har tace bayanai da fitar da jadawali. KoboToolbox ko ODK, wato tsara takardar tambayoyi a waya a cike ta ko babu sabis. DHIS2, inda ake zuba rahoton wata-wata na asibitoci. Sai ɗaya daga cikin manhajojin ƙididdiga, SPSS, Epi Info ko R. Epi Info da R kyauta ne. Da rubuta rahoton shafi biyu da Turanci mai tsabta, wanda mutane ke rainawa alhali shi ake fara gani. Kwamfuta ko ta hannu ce ki nema tun aji biyu, waya ba za ta ɗauki wannan ba.

Lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki a wajen makaranta, kada ki yarda a ajiye ki a ofishin da za ki wuni kina sa hannu a rajista. Ki nemi sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ki bi jami'in sa ido zuwa ƙauye, ki koyi cike fom ɗin rahoton cuta, ki koyi auna damtsen yaro da tef: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Hausarki, da Fulatanci in kina ji, jari ne babba a wannan aikin. Kuma akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba sai mace.

'Yar Dukku:
Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Lissafi ba ya ba ni tsoro, kuma misalin Malam ya burge ni. Anti, kwamfutar za mu yi magana da Baba. Saura abu ɗaya: wace jami'a zan cike, kuma ta yaya zan san ba a yaudare ni ba?

Yayanku na Azare:
Kusa da ke akwai Jami'ar Jihar Gombe, ta Tarayya da ke Kashere, ATBU a Bauchi, ta jihar Bauchi da ke Gadau, da ta Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare wadda aka kafa a 2021. Ki buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na bana ki duba su ɗaya bayan ɗaya, wacce ke da kwas ɗin da sunansa, don jerin yana canzawa. Ki lura da sunan da kyau: Lafiyar Jama'a daban, Lafiyar Muhalli daban, Ilimin Koyar da Kiwon Lafiya da ke tsangayar ilimi shi ma daban, kuma ba ƙofa ɗaya suke buɗewa ba.

Bayan nan abu uku. Ki tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da kwas ɗin kansa a wannan jami'ar, ba jami'ar kaɗai ba. Ki je sashen ki tambaya ko sun taɓa yaye ɗalibai sun tafi bautar ƙasa. Canjin kwas kuma ki yi shi a cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita, ki ɗora sakamakon WAEC ɗinki a can, don rashin ɗora shi kaɗai yana hana sunan mutum fita. Na uku, duk gurbin da bai bayyana a CAPS ɗinki kin karɓa da hannunki ba, kada ki biya ko sisi a kansa, ko wa ya kawo miki shi. Matsalarsa ba ta fitowa sai ranar da ake tura sunaye NYSC.

Darussan da kika zauna a JAMB na likita, Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, su ne dai ake nema a nan, saboda haka ba ki da matsala ta wannan gefen. Ki yi sauri ki duba ranar rufe rajistar tantancewa ta jami'ar da kika zaɓa, don wasu na rufewa tun kafin canjin ya bayyana a wajensu.