Shin zanen La Llorona a iyakar Meziko yana ɓoye musabbabin mutuwar 'yan ci-rani?

Malam Isiyaku: Ni dai ban yarda da masu zana La Llorona a bakin kogin Rio Grande na iyakar Meziko da Amurka ba. A tatsuniyar Meziko fatalwa ce, matar da ta nutsar da 'ya'yanta take yawo cikin dare tana kukansu. Ka ɗauki wannan siffa ka ɗora wa uwar da ruwa ya ci ɗanta wajen tsallakawa Amurka, ai ka jingina mata laifin da ba nata ba. Daga 1993 zuwa 1994 Amurka ta tsaurara mashigan El Paso da San Diego da gangan, mutane suka koma bin hamadar Arizona. Wannan ne musabbabi, kuma fatalwa ba ta faɗarsa.

Hajiya Rabi: Malam, kada ka yi musu kuɗin goro. Dubi retablo, allunan godiya da 'yan ci-rani ke kaiwa majami'ar San Juan de los Lagos a jihar Jalisco ta Meziko. Ɗan fallen kwano ne, bai wuce girman littafin makaranta ba, kashi uku: waliyyiya a sama cikin gajimare, hatsarin a tsakiya, ko kogi ya cika ko 'yan sintiri na korar mutum, sai rubutu a ƙasa da suna da gari da kwanan wata. Me aka ɓoye a nan?

Aminu: Gaskiyar Hajiya, sai dai kwanon ba ya yafe ganganci. Sai an wanke maiƙonsa, a goge da samfefa, a shafa fentin ƙasa ya bushe, sannan a hau da fentin mai. In an tsallake wannan, tsatsa za ta kama daga baki da ramin ƙusa, fentin ya ɓamɓare. Rubutun kuwa a bakin ƙasa yake, da siririn buroshi. In rubutun ya tafi, allon ya zama ado kawai.

Malam Isiyaku: Hajiya, wa ke kai retablo? Wanda ya tsira. Wanda ƙishirwa ta kashe ba ya kai komai. Shi ya sa na fi ganin ƙimar baje-kolin Hostile Terrain 94 na manazarci Jason De León: katunan da ake ɗaura wa gawa a yatsan ƙafa, sama da 3,200, an cike kowanne da hannu an kafe shi a taswira daidai inda aka tsinci mutumin. Na ruwan lemo, waɗanda ba a gano sunansu ba ne.

Zainab: Baba Isiyaku, to aikin mai fasaha Alvaro Enciso fa? Kafa gicciye inda mutum ya mutu tsohuwar al'adar Meziko ce. Shi yana bin taswirar ƙungiyar Humane Borders har wurin, ya kafa gicciyen katako mai jan ɗigo, ɗigon da ke nuna gawa a taswirar. Damuwata ɗaya: mamatan ba duka 'yan Meziko ba ne. Akwai 'yan Guwatamala masu yaren Mam da K'iche', kuma Toribio Romo, limamin cocin Katolika da aka kashe a 1928 da ake kira waliyyin 'yan ci-rani, na Jalisco ne; alamomin Meziko ba sa wakiltar kowa.

Malam Isiyaku: Na sallama kan gicciyen, 'yata, tunda yana nuna wuri. La Llorona kam ina nan kan bakana.

Hajiya Rabi: Ai matan Meziko mazauna Amurka sun daɗe da juya ta, suna zana ta uwa mai neman ɗanta da ya ɓace. Ka ga irin wannan zanen kafin ka yanke hukunci, Malam?