Muhawara: shin ɗigon ruwan furanni yana maganin damuwa?

Hajiyar Landan: Salamu alaikum. Maganar da na yi jiya aka yi mini caa, ga ta a fili: ɗigon ruwan furanni na Bach yana kwantar da hankali, yana rage fargaba, kuma ba shi da illa. A nan Ingila a kantin magani ake sayar da shi. Wanda ya ƙirƙiro shi ma cikakken likita ne, Edward Bach. A 1930 ya bar aikinsa a Landan ya koma karkara, kafin rasuwarsa a 1936 ya haɗa kala 38, kowanne da halin da aka ware masa. Mimulus na tsoron abin da ka sani ne, aspen na tsoron da ba ka san dalilinsa ba, furen zaitun na gajiya. Ni Rescue Remedy nake sha, haɗin furanni 5, ɗigo 4 a harshe kafin in shiga jirgi.

Auta: Anti, kamar turaren lafanda da ake shaƙa ke nan?

Mai Kemis: A'a Auta, kada ka haɗa su. Man lafanda daga jikin tsiron ake tatso shi, akwai sinadari a ciki. Hajiya, da girmamawa, bari in faɗi yadda ake haɗa naki. Ana tsinko furanni a zuba su kan ruwan marmaro a kwanon gilashi, a bar su a rana awa 3 zuwa 4. Wasu kuma tafasawa ake yi na rabin awa. Sai a tsame furen, a haɗa ruwan da barasar birandi rabi da rabi. Daga wannan ake ɗiban ɗigo 2 kacal a zuba a kwalba mai cin mililita 30 da aka cika da haɗin ruwa da barasa. Daga kwalbar kuma ke kike ɗiga 4. To me ya rage na fure a harshenki? Shi kansa Bach bai ce sinadari ne ke aiki ba, cewa ya yi wani ƙarfi na furen ne ke shiga ruwan. Ɗaya daga cikin 38 ɗin ma ba fure ba ne sam, ruwan marmaro ne zalla.

Hajiyar Landan: Ɗan'uwa, ni na sha na ji sauƙi. Gani ya kori ji. Ko ƙarya nake yi?

Mai Kemis: Wallahi ban ƙaryata ki ba. Sauƙin da kika ji gaskiya ne, daga ina ya zo shi ne abin tambaya. A 2001 an buga wani gwaji da aka yi a Jamus da mutum 61 masu fargabar jarrabawa. Wasu aka ba su ɗigon Bach, wasu ɗigon bogi, ba wanda ya san wanne yake sha. Fargabar kowa ta ragu, amma ba bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. A 2005 an gwada shi kan yara 40 masu rashin natsuwa a Isra'ila, nan ma haka. A 2010 Edzard Ernst na Jami'ar Exeter ya tattara gwaje-gwaje 7, ya ga duk waɗanda aka kwatanta da na bogi ba su nuna wani fifiko ba. Kuma shi Ernst a asibitin homiyofati, wato salon maganin da ake tsarma shi sosai irin wannan, ya taɓa aiki a birnin Munik na Jamus, ba baƙo ba ne a harkar.

Kawu: To kai yaro, ai ka gama ba ta gaskiya da bakinka. Ka ce fargabar kowa ta ragu. Mai fargaba sauƙi yake nema, ina ruwansa da ta inda ya zo? Na kuma ji ƙasar Barazil ta sa shi cikin tsarin lafiyar gwamnati tun 2018.

Mai Kemis: Haka ne Kawu, sun sa shi, amma shawarar hukuma daban, sakamakon gwaji daban. In mutum ya tsaya, ya ja numfashi, ya ɗiga abu a harshe yana sa ran sauƙi, jiki kan saki. Na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a karɓi kuɗin mutane da sunan fure ne ya yi aikin.

Malam: Ku dakata, kun wuce wani abu da gudu. Birandi kuka ce?

Hajiyar Landan: Allah gafarta Malam, ɗigo 4 ne fa. Ba ya bugarwa ko kusa.

Malam: Ba fatawa zan bayar a nan ba, Hajiya. Malamai sun yi magana kan barasa 'yar kaɗan da ta narke cikin magani, kuma akwai saɓani. Amma masu sassauci da yawa suna duba buƙata da rashin madadi. In gwaji ya ce bai fi na bogi ba, ina buƙatar? Kuma duk mai kawowa ya sayar, wajibi ne ya gaya wa mai saye abin da ke ciki.

Mai Kemis: Kwalbar da aka saba gani tana da barasa kashi 27 cikin 100, a rubuce yake a jikinta. Akwai wanda aka haɗa da gilisarin, ba barasa, ga mai so. Don haka maganar "ba illa" ma a rage mata gishiri, musamman ga mai ciki da wanda ke fama da barin shaye-shaye.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ya sa nake bibiya, ƙanwata ce. Tun da ta haihu wata uku ke nan ba ta barci, ba ta cin abinci, kuka kawai, jaririn ma ba ta son ɗauka. Anti, in za ki zo ki taho mana da kwalba ɗaya. Gida sun ƙi maganar asibiti, wai kada a ce ta haukace.

Hajiyar Landan: A'a ƙanwata, wannan kam ba na ɗigo ba ne. Ni fargabar jirgi nake magana, wadda ke wucewa da an sauka. Ko a nan, mai jego in ta kai haka likita ake kai ta.

Mai Kemis: Kin ga tsorona ke nan, Hajiya. Ke kin san iyakarsa, amma wadda ta ji "yana maganin damuwa" sai ta zauna jiran kwalba daga Landan. Maman 'Yan Biyu, alamun nan sun yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana samun mata da yawa, kuma yana jin magani. Ku fara da asibitin da ta haihu, a gaya wa likita komai. In ta taɓa maganar cutar da kanta ko jaririn, yau za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Kawu: Wa ke hana zuwa asibitin, mijin ko iyaye?

Maman 'Yan Biyu: Surukarta ce, Kawu.

Kawu: Turo mini lambar mijin ta gefe, zan kira shi bayan la'asar. Amma kai Mai Kemis, maganar Barazil ba mu gama ba.

Hajiyar Landan: Ni ma kwalbata tana jaka, Asabar zan hau jirgi. Malam, zan nemi mai gilisarin ɗin.