Ƙashin kunaman ruwa ne na tsinta, ko wani abu dabam?

Ɗan Masunta, Garwa:
Assalamu alaikum. Da ruwan Binuwai ya janye, na tsinci wani abu mai kama da tsinken kunaman ruwa, wato kifin nan mai faɗi da ke da tsinke mai dafi a wutsiyarsa, gefensa biyu da haƙora kamar zarto, amma ya yi nauyi da tauri irin na dutse. Malamai, yaya zan tabbatar ko tsohon ƙashi ne da ya daskare?

Malamin Kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jikin wannan kifi guringuntsi ne, shi ya sa yawanci tsinkensa da haƙoran bakinsa kaɗai ke wanzuwa, kuma haƙoran ƙanana ne ƙwarai, sai an tankaɗe ƙasa da rariya sannan a duba ragowar da madubin ƙara girma. Cikakken jikinsa a dutse yana da wuyar samu. Wanda ya shahara shi ne na jihar Wayomin a Amurka, mai shekara kusan miliyan 50. Sai dai ka tuna cewa kifin yana rayuwa a Binuwai har yanzu, da sunan Garwa ma aka raɗa masa sunan kimiyya a 1962, saboda haka naka yana iya zama sabo.

Dattijo, Njamena:
Ɗana, kada ka goge shi da ƙarfe ko ka wanke shi da omo. Ni na taɓa lalata wani ƙashin kifi haka, har yau ina takaici. Ka rubuta inda ka same shi da irin ƙasar wurin, ka naɗe shi a auduga, ka kai wa masana duwatsu.

Ɗan Masunta:
Na gode, Baba. Na naɗe shi.