Neman kalma: me za mu kira "hurricane" a littafin yara?

Malamar Aji Uku (Ƙofar Sauri): Assalamu alaikum malamai. Ina neman agaji kafin Alhamis, ranar zan kai rubutu wurin bugawa. Wani ɗan littafin yara mai hotuna nake fassarawa, labarin wata unguwa ce a tsibirin Puerto Rico bayan bala'in da ya afka musu a watan Satumban 2017, wanda aka sa wa suna Maria. Iska ta yaye rufin gidaje, aka yi watanni babu wutar lantarki, maƙwabta suka koma girki a tukunya ɗaya, yau a gyara gidan wannan gobe na wancan. Nan ban sha wuya ba, "aikin gayya" na sa. Kalmar "hurricane" ce ta tsayar da ni. Na fara sa "guguwa", na nuna wa ɗalibaina shafin da ruwan teku ya shigo gari, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya, sai wata yarinya ta ce, "Malama, ai guguwa ba ta da ruwa." Gaskiyarta. Guguwar da ta sani ita ce mai tasowa da rani, ta kwashi ƙura da leda ta wuce.

Tsohon Ɗan Rediyo: Wa alaikumus salam. 'Yata, an daɗe da gama wannan maganar. "Mahaukaciyar guguwa" muke cewa, haka ake faɗa a labarai, haka aka faɗa lokacin guguwar Katrina a 2005 da ruwa ya shanye yawancin birnin New Orleans na Amurka. Kunnen mutane ya riga ya saba.

Uwar Biyu: Baba, a labaran ƙarfe bakwai ta zauna daidai, amma littafin yara da bakin uwa ake karanta shi. Kalma ce da za ta fito kusan kowane shafi, ga tsawo. Sannan ni ba na son in koya wa ɗan shekara shida cewa duk abin da ke ɓarna sunansa mahaukaci. A unguwarmu ma fama muke da yara su daina jifan masu taɓin hankali.

Mai Nazarin Yanayi: Malama, "guguwar teku". A kan teku take ƙulluwa, inda ɗumin ruwan ya kai kamar digiri 26 zuwa 27, kuma ba a ba ta sunan "hurricane" sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Da zarar ta hau tudu ta rabu da ruwan ɗumin sai ƙarfinta ya fara raguwa, shi ya sa ba za ta taɓa isowa Katsina ba. Abin da zai burge yaranki shi ne da yawa daga cikin manyan da ke faɗa wa Karibiyan da Amurka, daga hadarin da ke ratsa yankinmu na Afirka ta Yamma da damina suke somawa, su fita ta gaɓar Senegal, su wuce tsibiran Kef Bade, su girma a Tekun Atlantika. Kuma kalmar za ta ɗauki irin wadda ta afka wa Beira a Mozambik a watan Maris na 2019, duk da can wani sunan ake kiranta da shi.

Ɗan Kusugu: Duk wannan bayani ne, ba suna ba. Harshen da ya isa yakan raɗa wa abu suna guda. Ni na daɗe ina kiranta "tumbatsau", daga tumbatsa, a kan sigar mantau da makarau. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗi, yaro zai riƙe ta a karo ɗaya.

Mai Nazarin Yanayi: Malam, tumbatsa ta ruwa ce kaɗai, ina iskar? Kogi ma yana tumbatsa.

Uwar Biyu: Kuma wannan siga mutum take siffantawa da halinsa. Yaro zai ɗauka Tumbatsau wani ƙato ne a cikin labarin.

Ɗan Kusugu: To ai ya yi kyau ke nan! Su da suka sa mata Maria fa? Matsalarmu ita ce duk kalmar da ba daga gidan rediyon waje ko daga Kano ta fito ba, ba ma ganinta da ƙima. Daura tushen Hausa ce, amma sai mun jira an buga mana hatimi daga wani gari.

Ɗalibin Hausa: Allah gafarta Malam, ba a ce Daura ba ta isa ba. Daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da karin Kano, wannan sananne ne, amma "guguwa" da "teku" ai ba na Kano ba ne. Idan gajeriya ake so, me zai hana a are ta kawai, a ce "harikan"? Turawan ma arowa suka yi daga Sifaniyanci, su kuma daga mutanen Taino na tsibiran Karibiyan.

Ɗan Kusugu: Ga shi nan, abin da nake gudu. Mu je mu ɗauko aron aro alhali muna da namu.

Tsohon Ɗan Rediyo: "Littafin" da muke magana a kansa ma daga Larabci ya zo. Aro ba abin kunya ba ne. Amma "harikan" ba ta nuna wa yaro komai, a nan ina tare da mutumin Daura.

Liman Ƙarami: Ba wanda ya ambaci "ɗufana". Kowane yaro ya ji ta a islamiyya.

Malamar Aji Uku: Allah gafarta Malam, na yi tunaninta na ajiye. Ruwan Ɗufana azaba ce da aka saukar wa mutanen da suka ƙi gaskiya. Mutanen wannan littafi jarrabawa ce ta same su. A ajina akwai yaran da danginsu ke Jibiya lokacin ambaliyar watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka masu yawa. Saboda irinsu na zaɓi littafin, don su ga gari yana rushewa ya sake tashi da hannun mutanensa. Ba zan sa kalmar da za ta sa yaro ya fara tambayar laifin me kakarsa ta yi ba. Don Allah mu bar batun Kano da Daura, lokaci na ƙurewa.

Uwar Biyu: Ki sa "guguwar teku", amma a shafin farko ki gabatar da ita: "Wata rana guguwar teku ta taso, iska da ruwa tare, ta fi duk guguwar da kuka taɓa gani." Daga nan ko "guguwar" kaɗai kika ce sun gane. Kuma mace ce, za ta tafi daidai da "Maria ta zo, Maria ta wuce".

Tsohon Ɗan Rediyo: Don yara na yarda. A labarai kam ba zan sauya ba.

Ɗan Kusugu: Ku sa abin da kuka ga dama, amma har yanzu bayani ne. Ni a rubutuna tumbatsau zan ci gaba da cewa.

Malamar Aji Uku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki "guguwar teku" da jimlar Hajiya Uwar Biyu. Saura ɗaya: akwai shafin da iska ta tsaya cak a tsakiyar guguwar, mutane suka fito, sannan ta dawo ta ɗaya ɓangaren. "Idon guguwa" zan ce ko "cibiyar guguwa"?

Ɗalibin Hausa: Cibiya.

Mai Nazarin Yanayi: Ido. A hoton tauraron ɗan Adam zagayayyen rami ne a tsakiyar gajimare, yara za su gan shi da kansu.

Malamar Aji Uku: Zan gwada musu duka biyun gobe da safe, wadda suka fi ganewa ita zan kai.