Ƙiba a waje, tsoka na zagwanyewa a ciki

Ga abin da na tsinta daga hirarmu a Jidda kan iyayenmu masu teɓa amma ƙarfi babu. Kusan kowa ya yarda sikeli kaɗai yaudara ne, Baba zai yi shekaru kilonsa bai motsa ba alhali tsoka ta tafi kitse ya maye gurbinta, sai ka ga tashi daga sujada ya zama aiki, ɗawafi kuma sai da keke.

Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta ce a fara daga gida: a zaunar da Hajiya kan kujera ta tashi ta zauna sau 5 ba dafa hannu, in ya wuce daƙiƙa 15 a tafi asibiti. Can za su gwada ƙarfin damƙa, ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace akwai matsala. Hoton DXA, wanda ke auna yawan tsoka da kitse a jiki, ya fi nuna gaskiya. Na'urar InBody, da ake hawa kamar sikeli ta auna tsoka da kitse, ta fi sauƙi amma ruwan jiki na rikita ta, kar a hau ana azumi.

Kan abinci kam an sha gardama. Ni ina tare da masu cewa kar a hana tsoho abinci, a rage shinkafar kabsa (dafa-dukan Saudiyya) a ƙara ƙwai, kifi, wake da madara, ga ɗan motsa jiki. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.